Tsaga Uku a Ƙarƙashin Makara

Abin da ke kan sikeli ba shi da yawa, a tsaye ma zan ƙirga shi. Gefe ɗaya akwai shekara hamsin da 'yan kai na sassaƙa, da suna guda wanda in aka ambace shi daga Wad Haddad har Managil mai saye ba ya sunkuyawa ya duba ƙafar gado. Ɗaya gefen akwai kwana goma sha ɗaya da na hana, da wata 'yar leda mai ƙananan kaya guda bakwai da ta yi shekara huɗu a ƙarƙashin teburin shagona. Ni na riƙe sikelin. Da awo nake ci tun ina saurayi, ban kuma taɓa yin awo mai muni irin wannan ba.

Kawuna ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a kan gadon da ya sassaƙa tun kafin a haife ni. Na Allah muke, wurinsa za mu, ya karɓi nasa. Kwana uku muka yi a rumfar makoki a ƙofar gidansa, ina tashi ina zama, ina ɗaga hannu ga duk wanda ya shigo da Fatiha. Mutane sun zo. Manoma sun bar ban ruwa sun zo da taɓo a ƙafa. Larabawan ƙauyen da ke tsallaken tur'a, babban magudanar da ke shayar da gonakinmu, sun zo ayari guda. Wani dattijo mai sayar da itace ya taso tun daga Abu Hujar, ya ce shekara talatin yana aiko wa marigayi da bagaruwa, bai taɓa samun wanda zai mayar masa da gungume, ya kuma zaunar da shi ya nuna masa inda ciwon itacen yake ba, sai shi. A cikin gida, in ji Inna matar Kawu, wata mata ta ce a kan gadon da ya yi aka haife ta, a kansa ta haifi shida, har yau bai taɓa ƙara ba.

Wannan a farkon zama ake faɗinsa, da murya sama. In shayi ya zagaya sau biyu sai murya ta sauka. Ka ji an ce, Allah sarki, hannu ya gaji. Wani ya ce da ya ajiye gizago tun bara da ya fi masa. Wani ya ce ai idon ma ya daɗe da tafiya, 'yan gida ne ke rufawa. Tausayi ne ya sa su, na sani, amma da zaginsa suka yi da na fi iya zama a wurin.

Ga abin da suke nufi. A ƙauyenmu makara ɗaya ce, ana ajiye ta a ɗakin bayan masallaci. Siffar angarib gare ta, gadon nan na ƙasar nan, sai dai ta fi shi tsawo kuma ba ta kai shi faɗi ba. Wadda muka ɗauki Kawu a kanta sabuwa ce, wata ɗaya bai cika da fitowarta daga warsharsa, wato ɗakin aikinsa, ba, shi ne kuma na farko da aka ɗora a kanta. Muna kan gadar tur'a, hanyar maƙabarta, sai kusurwar dama ta wajen kai ta yi ƙara ta buɗe. Dogon katakon gefe ya rabu da shimfiɗar da kusan tafin hannu, gawa ta karkata. Ba ta faɗi ba, Allah ya rufa asiri, maza suka kai kafaɗa ta ƙasa. Liman ya warware rawaninsa aka ɗaure kusurwar, da haka muka ƙarasa. Da aka gama rufe shi, wani ya kifa makarar don ya ga abin da ya faru, kowa ya ga tsaga uku a jere a ƙarƙashinta. Alamar Kawu ce. Duk gado, duk kujera, duk ƙofar da ta fito daga hannunsa tana da ita a inda ido ba ya kai wa.

Ni ne nake ɗauke da wannan kusurwa. A kafaɗata ta buɗe. Tun kafin in waiwaya na san ƙusoshin da suka saki, na san guda nawa ne, domin ni na murɗa su.

Saboda haka nake wannan rubutu. Ba na so ƙarar nan ta kan gada ta zama abin da za a riƙa tuna shi da shi.

Yayan mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Kawu ya ɗauke ni ya haɗa ni da 'yarsa guda ɗaya, muka tashi a tsakar gida ɗaya muna tsokanar juna irin ta taubasai. Dogo ne, busasshe, yana da fensir a bayan kunne wanda ban taɓa ganin ya yi rubutu da shi ba. Da takin hannunsa yake awo, da wata sanda mai tsage-tsage da ya gada daga maigidansa. In aka kawo gungume ya kan ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa ya kasa kunne, ya shinshina, wani lokaci ya bar shi a inuwa shekara guda yana wucewa ta gabansa kamar bai san da shi ba. Haɗinsa ba ƙarfe a ciki. Ya sassaƙa harshe a bakin wannan itace, ya fafe rami da azmil, ƙarfen sassaƙa mai kaifin baki, a jikin wancan, ya buga su da gudumar itace su shige. Sa'an nan ya ɗaga ya girgiza kusa da kunnensa. In ya ji motsi, ko kaɗan ne, na murhun Inna ne. Ya kan ce shi ba ya gaba da ƙusa, a kai ta ƙofar akurki da akwatin albasa, can ne gidansu.

Ba mai sauƙin zama ba ne, kada ta'aziyya ta sa in yi ƙarya. Bai taɓa gama aiki ranar da ya yi alkawari ba. Inna ta ce amare uku ta sani da suka tare a kan tabarma saboda shi, kuma ita iyayensu suke tarewa a bakin rijiya, shi ba mai iya tunkararsa. Akwai shekarar da ya tashi da jaki ya tafi wani ƙauye tafiyar rabin yini, ya yi sallama a gidan da ya sayar wa gado tun damina biyu da suka wuce, ya ce su sauka. Suna zaune a kai suna cin abinci. Wai ya tuna akwai kulli a cikin ƙafa ɗaya, ya kwana yana ganinsa. Ya kwance ƙafar ya tafi da ita, ya bar su da gado a kan bulo har kwana tara.

Ni ba ni da wannan haƙuri. Ina da shekara goma sha bakwai na fafe rami ya zarce ta ɗaya gefen a kan ƙafar gadon da ya yi kwana uku yana gyarawa. Na tsaya ina jiran mari. Ya juya ƙafar a hannunsa, ya ce hannuna ba na itace ba ne, amma ya lura ba wanda ke shigowa warsha ya fita ban sa shi ya yi dariya ba. Washegari ya ɗaure mini bambar huɗu, ƙananan kujerun nan na igiya, ya ɗora ni a kan mota zuwa kasuwar Managil. Na sayar da su kafin azahar, na dawo da alkawarin goma. Bai tambaye ni yadda na sayar ba, ranar nan ko wata rana. Daga nan ya sa mini suna Tajir, har ya rasu bai sake kirana da sunan yanka ba. Duk abin da nake da shi yau, shago da rumbun katako da sanayya, daga kan kujerun nan huɗu ya tashi.

Zamani ya juya masa baya a hankali. Mutane suka koma gadon ƙarfe, amare suka koma son dolab, kabad ɗin kaya mai madubi, na katakon kanti. Warsharsa ta yi shiru. Shekara huɗu da suka wuce wani abokin cinikina ya kawo mini wani abu daga Masar, mu dai ƙalib muke ce masa. Girmansa bai fi bulo ba, ana ɗaure shi a kan teburin aiki. Ka tsayar da katako a kan gefensa ka matse, ka zura shanyor, injin huda, ta wani bututu da ke jikinsa, sai ya huda rami a karkace. Ƙusa mai murɗi ta bi ramin ta kama ɗaya katakon, kanta ya ɓuya a ciki kamar hannu a aljihu. Haɗin da Kawu zai yini a kansa, da wannan kafin ka gama shan jabana, gahawarmu, an yi. Na ce a raina ga abin da zai tayar da warsha. Ni ma da ba ni da hannun itace zan iya.

Kowane dillali ya san abin da ake yi in kaya sun zo a kwali ɗaya. Ka raba su, ka sayar da kowane daban. Hannuna ya saba har ba na tunani. Da na buɗe kwalin a shago na ga wata 'yar leda a gefe da ƙananan kaya a ciki, sai na zare ta na tura ƙarƙashin tebur, na ce wani zai nema. Na kai sauran warsha.

Kawu ba ya karanta rubutun boko, amma hoto ba ya wuce shi. Ya daɗe yana juya kwalin. A jikinsa an zana ƙalib da dogon katako a ciki, can nesa kuma, inda wutsiyar katakon take, ga wani ɗan abu a ɗaure a kan tebur ya tallafe ta. Ya ɗora yatsa a kai.

"Wanga fa, Tajir? Ina shi?"

"Bai zo ba, Kawu. Haka suke yi, hoto daban, kaya daban."

Ya dube ni, ya ajiye kwalin.

Ku ga wautar mai wayo. A duk yankin nan ƙalib ɗaya ne, nawa. Mutum ɗaya tak ke da buƙatar abin da ke cikin ledar, shi ne wanda ya ɓoye ta. Na gane haka tun a makon farko, ranar da muka sa gefen dolab mai tsawo wutsiyarsa ta rinjaya ta ɗaga kai. Amma na riga na ce bai zo ba. Kullum in ce gobe zan ce na same shi a Managil, gobe ta yi in ji kunya, har abin ya tsufa.

To wa zai riƙe wutsiyar katako? Kawu ya tashi daga kan kujerarsa ya riƙe. Ni ina kan shanyor, shi yana can ƙarshen tebur da hannu biyu a ƙarƙashin katako, ina ce masa ɗaga kaɗan, sauke kaɗan, matso. Mutumin da ya yi wa rabin ƙauyukan nan gadon aure. Zai iya sassaƙa matallafi na itace kafin a kira sallah, ya fi kowa sanin haka. Na taɓa ce masa ya yi, ya ce shi ba ya yi wa abin nan barantaka. Na ɗauka taurin kai ne irin nasa, na ƙyale shi.

Sai yaƙi ya zo, muka watse kamar kowa, muka dawo kamar waɗanda suka dawo. Gidaje ba ƙofa, ɗakuna ba dolab, kowa yana so yau. Aiki ya yi mini yawa irin wanda ban taɓa gani ba. A lokacin nan ne Liman ya zo warsha da kansa. Tsohuwar makarar, wadda Kawu ya yi fiye da shekara talatin da suka wuce, gara ta cinye ƙafafunta lokacin da ƙauye ya zama kango. Ya ce jama'a ba su yarda kowa ya yi sabuwa ba sai wanda ya yi ta farko. Kawu ya ce kwana goma sha biyu. Yana da bagaruwar da ya ɓoye a rufin ɗaki, ta bushe yadda yake so.

Tebur ɗaya ne a warsha. Ni kuma ina da ƙofofi da dolab na wani babban gida a Managil, mota za ta zo ɗauka ƙarshen mako. Da Liman ya fita na ce wa Kawu da ƙalib yini ɗaya ya isa.

Ya ce makara ba a sa mata ƙarfe. Haka maigidansa ya koya masa, haka ya yi ta farko. Na ce na tambayi Liman tun tuni, ya ce bai ga wannan a littafi ba. Ya ce shi ma bai ce yana littafi ba.

"Kawu, mamaci ba ya jin ƙusa."

"Masu ɗauka suna ji."

A nan ne na faɗi abin da har yau in na tuna nake ajiye cokali. Na ce masa kwana goma sha biyu a da ne. Yanzu guduma sau goma yake bugawa ya zauna yana haki, wata biyu ma ba zai gama ba, kuma warshar nan gida biyu take ciyarwa. Gaskiya ce, duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya cire fensirin daga bayan kunne ya duba shi ya mayar. Sa'an nan ya tashi ya tafi ƙarshen tebur, inda ya saba tsayawa.

Na yi shimfiɗar da gajerun katakai, na yanke dogaye biyu na gefe, kowanne ya fi kamu huɗu. Bagaruwa ba katakon kanti ba ce, nauyi gare ta da tauri, bakin shanyor har hayaƙi yake. Gefen hagu ya tafi lafiya, da safe ne, yana da sauran ƙarfi. Da muka zo na dama rana ta take. Ramuka huɗu na ƙarshe, na wajen kai, su ne inda kusan duk tsawon katakon yake komawa hannunsa. Na ga wutsiyar ta sauka, na ga bakin katakon ya ɗaga daga gindin ƙalib kamar kaurin yatsa. Da idona na gani. Na danna shanyor.

Ramukan suka fito kusa da baki, ƙusoshin ɗan nama kaɗan suka kama. Kawu ya shafa wurin da babban yatsa ya ce, "Sake wanga." Na ce babu sauran itace mai tsawon nan. Na toshe ramukan da 'yan tarkacen itace da gam, na goge, na shafa mai. Ko ka ƙura ido ba za ka ga ƙarfe ba. Kafin la'asar makara ta tsaya a kan ƙafafunta, kyakkyawa, na rantse.

Saura abu ɗaya. Na san Liman zai kifa ta ya duba, kowa yana yi. Na miƙa wa Kawu azmil ɗinsa, ya mayar da hannunsa baya ya ce shi bai yi komai a nan ba sai riƙo. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, na kifa makarar, na yi tsaga uku.

Washegari Liman ya zo da dattawa biyu. Suka kifa ta, Liman ya shafa alamar, ya ɗaga hannu ya yi wa Kawu addu'a mai tsawo, Allah ya bar hannun nan, Allah ya sa aikin a mizani. Kawu ya sunkuya ya dubi tsagar. Ya miƙe ya shafa fuska ya ce amin. Da suka fita da ita, ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, bai juyo ba.

"Ta tsakiya ta yi zurfi," ya ce. "Ni ba ni danna ta haka."

Bai sake shiga warsha ba. Bayan mako biyu ya kwanta. Ina zuwa kullum da magani da lemo, yana amsa gaisuwata, yana tambayata kasuwa, bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ina jiran ya warke.

Ranar sadakar uku da yamma 'yarsa, wadda ta zo daga Damazin inda take aure, ta aika a kira ni bayan madafa. Ita ce wadda ba ta taɓa ganina ba ta ce ga bawanta ya zo, ko ta tambaye ni yau wa na cuta a kasuwa. Ranar nan ba ta yi ko ɗaya ba. Tana wanke kofunan shayi, ba ta ɗago ba.

"Baba ya bar maka saƙo. Ya ce ledar da ke ƙarƙashin teburinka, ka haɗa ta, in dai har yanzu ba ka sami mai saye ba."

Na tambaye ta yaushe ya sani. Ta ce tun daminar farko. Ruwa ya tsare shi a shagona, na fita na bar shi, ya sunkuya neman tabarmar sallah ya gan ta, ya mayar da ita yadda take. Ta ce ta taɓa ce masa ya yi mini magana, ya ce a'a, wanda ya ɓoye shi zai fito da ita, shi yana nan tsaye, ba inda za shi.

Shekara huɗu ke nan yana tsaye a ƙarshen tebur yana jirana.

Da safe na ɗauko ledar na tafi warsha ni kaɗai. Inna ta aiko mini da shayi na ajiye a gefe. Na zazzage kayan a kan tebur. Akwai gindi na roba mai tauri, tsayinsa daidai da gindin ƙalib. Akwai ɗan hannu mai kwanciya da tashi, da ɗan sandan ƙarfe mai zare, da zobe siriri, da kan murɗawa mai kunnuwa, da ƙusoshi biyu. Bakwai. Takardar da ke ciki hotuna huɗu ne, ba sai ka iya karatu ba. Ka zura sandan ta ƙarƙashin gindin, ka ɗora hannun a kai, ka sa zoben, ka murɗa kan har ya kama amma ya bar hannun yana motsi. Da farko na sa hannun a baibai, ya ƙi kwanciya, na kwance na juya shi. Saura in ɗaure shi a kan tebur. Ban nemi abin awo ba, domin a daɓen ƙasa akwai wani ɗan kwari da ƙafafun Kawu suka yi, na daidaita da shi na murɗa ƙusoshin biyu.

Na ɗauko dogon katako na sa. Ya kwanta lif, kai da wutsiya, ko motsi. Na tayar da ɗan hannun, ya tare bakin katakon, duk wanda ka sa bayansa a daidai wurin zai tsaya, ramin wannan ya yi daidai da na wancan. Na huda huɗu a wajen kai. Suka fito a jere, kowanne da namansa. Na kai hannu ga shayin, da sauran zafinsa.

Ba na ruɗin kaina. Ko da abin nan, da ba ta zama makarar Kawu ba, ta ƙarfe ce a ɓoye. Amma da ta kai shi maƙabarta ba a warware rawani ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a a masallaci, na miƙe na faɗi komai. Na ce ni na yi makarar, da ƙusa, a yini ɗaya, a kan ƙin yardarsa. Na ce ya ce in sake na ƙi. Na ce tsagar ma ni na yi da azmil ɗinsa yana sallah. Sai Liman ya ce Allah ya yi mini albarka, haka ɗan halak yake yi, ya rufa wa wanda ya rene shi asiri ko bayan ransa. Wani dattijo ya ce amma ai sun ga alamar da idonsu. Na sa aka fito da makarar na kifa ta, na nuna musu ta tsakiya, na ce ku duba zurfinta, ku je gida ku kifa gadajenku ku gwada. Suka gyaɗa kai irin wanda ake yi wa mai sabon rashi. Wani ya dafa kafaɗata, ita wannan kafaɗar, ya ce ma'alesh, in yi haƙuri, hannun tsoho ne ya sa ta yi zurfi.

Ba wanda ya je ya kifa gadonsa.

Tun daga ranar ciniki ya ƙaru mini. A Managil na ji ana nuna ni ana cewa ga wanda ya ɗauki laifin kawunsa a gaban jama'a, irin wannan ba ya cin amana. Sabuwar makara kuma an yi ta, ta bututun ƙarfe ce, wani mai walda a Wad Haddad ya haɗa, ba wanda ya zo warsha ya tambaya. Inna ce kaɗai ba ta buƙaci in nuna mata komai ba. Ta shigo ta ɗauki azmil da sandar awon ta ƙulle a akwatinta. Na roƙi Liman ya ba ni wadda ta buɗe, na kawo ta na jingine a bango, na ɗauko abin goge katako zan share tsagar. Inna tana bakin ƙofa ta ce, "Bar ta. Ka riƙa ganinta." Tana nan.

Allah ya yalwata masa kabari, ya sanyaya masa, ya saka masa tsayuwar nan da ya yi da abin da ni ban iya ba shi ba. Wanda ke da gado ko kujera daga hannunsa, ina roƙonsa abu ɗaya: ya kifa, ya shafa tsaga ukun, ya ji yadda suke daidai da juna, ya yi masa Fatiha.

Ga yadda awon ya tsaya. Na sami kwana goma sha ɗaya, motar Managil ta tafi a kan lokaci. Na sami yabon da ba nawa ba, wanda na yi ƙoƙarin mayarwa aka ƙi karɓa. Ina da matallafi a kan tebur, sabo, yana aiki yadda aka zana shi a jikin kwali. Shi kuma ya ba da shekara huɗu a tsaye, ya ba da amin guda a kan ƙaryata, ya tafi da rawanin wani a ɗaure a makararsa, ana ce masa hannu ya gaji. Shekara hamsin aka ɗora a gefe ɗaya, yini guda nawa a ɗaya gefen, yinina ya rinjaya.